Lalle a Bakin Garka

 

Hirarmu ta yau a kan wani icce take, wanda kowa ya san ganyensa, amma ba kowa ya tsaya ya dubi furensa ba. Lalle nake nufi.

Ke uwargida, kin sha ƙunsa shi a hannu da ƙafa. Kai maigida, ka sha fid da kuɗin sayensa, ran biki ko jajibirin salla. To, a cikinku wa ya taɓa dasa shi da hannunsa, ya rene shi har ya yanka? In na ce a ɗaga hannu, na san hannuwan ba za su yi yawa ba. Mutane suna cewa lalle ba ya bukatar kowa, shi ke renon kansa. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Lalle yana da wuyar mutuwa. Sai dai lallen da aka bari kara zube, ƙaya yake ba mai shi, ganyen kaɗan ne. Wanda aka san lokacin yanka shi kuwa, shekara da shekaru yana biyan mai shi.

Mu je ƙasar Safo, cikin gundumar Madarumfa, kudu da birnin Maraɗi. Wanda ya san wurin ya san garake ne a bakin gulbi, a Safo da Sumarana, haka kuma a maƙwabta, Tarna da Jiratawa. Ga tumatir, ga albasa, ga salati, ga zogale, ga mangwaro. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, ya sake komawa Najeriya. Da damana kaɗai yake gudu. Tun da aka gina madatsar ruwa a Jibiya, a farkon shekarun 1990, zuwansa ma ba kamar da ba. Da rani rairayi ne, yara na wasa a ciki. Mai garka da rijiya ya dogara. Kowace guga da wahalarta, kowane litir na man injin da kuɗinsa. A irin wannan wuri, iccen da ba ya cin ruwa da yawa, ya tsare garka, ya ba da abin sayarwa, ya kuma yi ƙamshi, bai kamata a raina shi ba.

Bari mu dube shi da kyau tukuna. Lalle ƙaramin icce ne mai rassa da yawa. In ba a taɓa shi ba yana kai metir 3, wani ma har 6. Ganyensa ƙanana ne, biyu-biyu suke fitowa, ɗaya na duban ɗaya. Furensa ya fi ganyen ƙanƙanta. A tare yake fitowa a kan reshe, cunkus, fari ko mai ɗan ja-ja, kowane fure da kunnuwa 4. Ido bai cika kula da shi ba, hanci ne ke fara ba da labari. Wanda ya taɓa bi ta gefen shingen lalle da almuru, bayan zafin rana ya faɗa, ya san abin da nake faɗi. Larabawa har suna na dabam suka ba furen, suna ce masa fagiya. A ƙasar Indiya, a garin Kannauj, turare ake yi da shi. Bayan fure sai ƴaƴa, ƙanana, sun ɗan ɗara masoro. In sun bushe ka murje ɗaya a tafin hannu, za ka ga iri wajen 30 ko 40 a ciki.

Ga wani labari. A shekara ta 1753, wani babban masanin itatuwa, mutumin ƙasar Suwidin, sunansa Linne, ya tara sunayen tsirrai cikin littafi. Da ya zo kan lalle sai ya rubuta iri biyu, mai ƙaya da marar ƙaya. Daga baya aka gane icce ɗaya ne. Marar ƙayar yaro ne, mai ƙayar tsoho. Har yau masana suna kiransa Lawsonia inermis, kuma ma'anar kalmar ta biyu ita ce marar makami. Kun ga ko malami yakan yi kure. Da ya tambayi tsohuwar da ke yankan lalle a bakin gulbi, da ta gyara masa.

Ku riƙe labarin nan, don shi ne gindin hirarmu. In reshen lalle ya tsufa, bakinsa yakan ƙandare ya zama ƙaya, ganyensa ya ƙanƙance, ya kuma ragu. Sabon toho shi ke ɗauke da ganye mai faɗi, kuma a ganyen sabon toho rinin ya fi yawa. Rinin nan masana suna ce masa lawson. Shi ke kama fata da farce da gashi. Inda fata ta fi kauri, nan ya fi kamawa, shi ya sa tafin hannu da tafin ƙafa suka fi bayan hannu yin ja. Kuma lalle ɗan zafi ne. Zafin bazara da ke sa mu gudu inuwa, shi a lokacin rininsa ke ƙarfi. Sanyi mai tsanani ne ke kashe shi, ɗarin Maraɗi kuwa bai cika kai nan ba. Abin da yakan yi da hunturu shi ne ya dakata da girma, wani lokaci ya zub da ganye. Kada ku ce ya mutu.

Kafin ka taɓa dagi, akwai maganar fili. Lalle ba salati ba ne da za a cire bayan kwana 40. In ya kama, zai yi shekaru a wurin. Kun san a ƙasarmu dasa icce a gonar aro ko ta jingina yakan ja rigima, don mai fili yana ganin kamar ana so a ce wurin ya zama na mai dashe. In garkar ba taka ba ce, ka nemi yardar mai ita gaban shaidu. Tun 1993 ƙasarmu Nijar take da dokar filayen karkara, kuma a garuruwa akwai kwamitin kula da filaye, wanda ake kira COFOB. Ku je a rubuta. Yanzu da ka iya karatu, ka karanta takardar da idonka kafin ka sa hannu. Ke ma uwargida, in a garkar maigida za ki dasa, ku yi magana tun farko: lallen na wa ne, kuɗinsa na wa ne. Magana a kan lokaci ba ta ɓata zama. Game da maƙwabci kuma, kada ka dasa a kan iyaka daidai. Ka ja baya taki guda cikin naka. Reshe ba ya sanin iyaka, saiwa ma haka.

Wajen ƙasa lalle ba shi da tsirfa. Yana yi a fadama. Yana yi a jigawa in an ba shi taki. A geza sai an yi haƙa da kyau don saiwa ta samu hanya. Abu biyu ne ba ya so. Na farko inuwa: in ka sa shi ƙarƙashin mangwaro ko bedi, zai yi tsawo siriri, ganye tsilla-tsilla, fure babu. Na biyu kwarin da ruwa ke kwana da kwanaki. Babban lalle yana jure ambaliya ta ɗan lokaci, amma sabon dashe ruɓewa yake yi.

Ana samun lalle ta hanya biyu, ta iri ko ta reshe.

Mu fara da iri, don a nan mutane suka fi faɗuwa. Ni da nake muku magana, karona na farko na watsa iri busasshe a fangali. Na yi ta ban ruwa har kwana 20. Abin da ya fito bai kai yawan yatsun hannu ba. Na ɗora wa irin laifi. Wata tsohuwa mai garka kusa da tawa ta yi dariya, ta ce, “Ɗan nan, ka jiƙa shi kuwa?” Ban jiƙa ba. Irin lalle ƙarami ne, amma ɓawonsa da tauri, ruwa ba ya ratsa shi da sauri.

Ga yadda ake yi. Ka zuba irin a ƙwarya, ka rufe shi da ruwa. Kullum ka zubar da ruwan jiya ka sa sabo, har kwana 5 zuwa 7. In ba a sake ruwan ba, irin zai yi tsami ya lalace. Daga nan ka tsane shi, ka ƙulle a tsumma mai laima, ka ajiye wuri mai ɗumi. Ka riƙa yayyafa ruwa, kana dubawa. In ka ga bakin irin ya fara yin fari, lokacin shuka ya yi. Ka gauraya shi da rairayi, don in ba haka ba wuri ɗaya zai taru. Ka watsa a fangalin da aka gyara da ruɓaɓɓen taki, ka barbaɗa ƙasa kaɗan a kai. Kaɗan na ce. Irin da aka binne da zurfi ba ya fitowa. Ka shimfiɗa ciyawa sama-sama, ka riƙa ba da ruwa a hankali safe da marece, kada ƙarfin ruwa ya tone shi. In tsiro ya fito sai ka janye ciyawar. A wannan lokaci, iccen da ake yabo da jure ƙishirwa jariri ne: in fangali ya bushe yini guda da bazara, aikin ya tashi a banza.

Ana yin wannan reno a watan Maris ko Afrilu. Bayan wata 3 ko 4 tsiron ya kai kamar santimetir 30, ya yi daidai da zaman damana.

Hanya ta biyu ta fi sauri. Ka nemi lallen da mata suka shaida yana kamu, ka roƙi reshe. Abin da aka dasa ta reshe halin uwarsa yake ɗaukowa sak. Ka zaɓi reshen da ya fara ƙwari, ba ɗanye shataf ba, ba kuma tsoho mai ƙaya ba, kaurinsa kamar alƙalamin da kake rubutu da shi. Ka yanka tsawon taƙi guda da ɗan ɗori, wato kamar santimetir 25, da idanu 5 ko 6 a jiki. Ka tsige ganyen. Ka kafa shi cikin ƙasa mai laima, fiye da rabi a ciki, ka danne gindin da ƙafa. Ka lura kada ka juya shi, kai ƙasa gindi sama. Yana faruwa, ba sau ɗaya ba. Ba duka ke kamawa ba, saboda haka ka kafa fiye da bukatarka. In ka tambaye ni, shingen da ke nesa da rijiya gara na iri, don saiwarsa ta fi nutsawa ƙasa. Kusa da rijiya ko cikin gida, reshe ya isa.

Dashe sai damana ta zauna, cikin watan Yuli. Ka zaɓi marece, bayan an yi ruwa. Ka haƙa rami zurfin taƙi guda, ka zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu, ka cuɗa da ƙasa. Takin ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin bisashe yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ka datse kan tsiron kaɗan kafin ka sa, don ganye mai yawa yana shanye ruwan jikinsa tun saiwa ba ta kama ba.

Yanzu ku ɗauko littafi da alƙalami, mu yi ɗan lissafi. A ce garkarka tsawonta metir 20, faɗinta metir 10. In ka zagaya ta, 20 da 10 da 20 da 10, metir 60 ke nan. In za ka sa gindi guda a kowane rabin metir, gindi 2 ke nan a metir ɗaya. 60 sau 2, 120. Ka ƙara 30 saboda waɗanda ba za su kama ba. Ka tanadi 150. Wanda garkarsa ta fi haka ko ta kasa, ya auna tasa ya yi nasa lissafin. Wanda kuma yake son fangali guda na lalle zalla, don ganye kaɗai, yana iya matse su: santimetir 30 tsakanin gindi da gindi, rabin metir tsakanin layi da layi.

Shekarar farko ita ce ta wahala. In ruwan sama ya ɗauke, ka ba shi ruwa bayan kwana 2 ko 3. Da ranin farko, sau ɗaya ko sau biyu a mako, ruwa mai yawa wanda zai nutse. Ruwa kaɗan kullum yana sa saiwa ta tsaya sama-sama. Ruwa mai yawa jefi-jefi yana sa ta bi shi ƙasa, kuma saiwar da ta yi zurfi ita za ta cece shi nan gaba. Ka nome ciyawar gindinsa. In ya kai gwiwa, ka tsinke kansa da farce, sai ya yi rassa ta gefe, ya cika.

Sai akuya. Jar akuyar Maraɗi, wadda ake yabon fatarta har Turai, ba ta da kunya in ta ga ɗanyen toho. Abin da ka rena wata 6, sai ta gama da shi kafin ka ɗebo guga ɗaya. A shekarar farko, shingen ma sai an yi masa shinge, na ƙaya ko na kara. Daga shekara ta biyu ko ta uku, in ya haɗe, shi zai tsare maka tumatir.

Ƙwari ba su cika damun lalle ba. Gara ce takan ci sabon dashe in ƙasa ta bushe. Toka a gindi tana taimako, haka dakakken ganyen bedi. Amma ga gargaɗi: in kana fesa wa tumatir ko kabeji maganin ƙwari, ka kiyaye shingen lalle, balle in yanka ya kusa. Ganyen nan a hannun matarka da ɗiyarka zai kwana.

To, mun zo kan lauje.

Mutane da yawa suna tausayin iccen. Sun sha wahala ya girma, ga shi kore shar, sai a ce su sare shi kusa da ƙasa? Ku tuna da sassaben zamani. Tun wajen 1984 manoman jahar Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gonaki, suna rage wasu, suna renon wasu, har gonakin da suka zama fili suka sake yin itatuwa. Abin da aikin nan ya koya mana shi ne, in saiwa na da rai, abin da aka sare sama zai dawo. Lalle ma haka yake. Jarinsa a ƙasa yake. Kowane reshe da ka yanke, biyu ko uku za su fito a madadinsa, kuma su ne masu ganyen kirki.

Yaushe ake yanka? In ganye ya cika, ya yi kore mai duhu, kan reshe ya fara nuna alamar fure, tun na ƙasa bai yi rawaya ya zube ba. Babban yanka da kaka ake yi, bayan ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba. Wanda bai da ruwan ba shi, wannan ɗaya ya ishe shi a shekara. Mai ban ruwa yana iya yanka sau 2 ko sau 3. Yankan bazara bai kai na kaka yawa ba, amma kada ku raina kamunsa. Tsakiyar ɗari kuwa a bar shi ya huta, don tohon ba ya saurin dawowa. A shekarar farko kada ka sa rai da yawa. Ka rage masa kai kawai. Daga shekara ta biyu zuwa ta uku ne za ka fara cika buhu.

A ina ake yanka? In fangalin ganye ne, ka bar santimetir 10 zuwa 15 daga ƙasa, wato kamar ɗani guda. In shinge ne, ba za ka kwantar da shi duka ka buɗe wa bisashe ƙofa ba. Ka yanke shi daidai ƙugu, ka aske gefe da gefe. Laujen ya zama mai kaifi. Sara ɗaya, a karkace. Dakusasshen lauje yana tsaga reshe, ta tsagar nan kuwa ruɓa da gara ke shiga. Kana gama yanka ka ba shi taki, ka ba shi ruwa. Ka karɓa daga gare shi, sai ka mayar masa.

Ke da kike da tsohon lalle a bayan ɗaki, wanda ya zama ƙaya zalla har yara na tsoronsa, kada ki sa a tone shi. Da farkon damana ki sa a sare shi daidai gwiwa, a zuba masa taki. Kafin kaka za ki ga sabon icce a kan tsohuwar saiwa. Tsigar ganye kaɗan da hannu don ƙunshin gida ba laifi. Amma tsiga kullum ba tare da yanka ba, ita ce ke mai da shi ƙaya.

Sai dai akwai abin da lauje ke hanawa. Lallen da ake yankewa a kai a kai ba ya samun damar yin fure. In ka aske duka, ka samu ganye, ka rasa ƙamshi, ka rasa iri. Shawarata ita ce, cikin kowane gindi 10 ka bar 1. Ka bar na kusurwoyi, da na bakin ƙofar garka, da wanda ke kusa da inda kake hutawa. Waɗannan su yi tsawonsu, su yi furensu. Inda suke samun ɗan laima, sukan yi fure fiye da sau ɗaya a shekara. Ƙudan zuma za su zo, kuma ƙudan da ya shigo garka ba a kan lalle kaɗai zai tsaya ba, zai bi ta kan kabewa da kankana. In ƴaƴan sun bushe sun yi ja-ja, ka tsinke ka ajiye, ka samu irin baɗi, har ka ba maƙwabci. Bayan shekara 2 ko 3, in sun fara ƙaya, ka sare su ka bar wasu su karɓe su. Wani zai ce gindi 12 cikin 120 hasara ce. Ni ban gan ta hasara ba. Mutumin da ya yini yana jan ruwa, in ya zauna da marece iska ta kawo masa ƙamshin nan, ya samu wani abu da ba a aunawa da tiya.

Bayan yanka sai shanya, kuma a nan ma ana ɓarna. Kada ka zube rassan a ƙasa tsirara, don rairayi in ya shiga lalle ba ya fita, mai saye kuwa da ta murza a yatsa za ta ji shi. Ka shimfiɗa tabarma ko buhu a inuwa, inda iska ke ratsawa. Rana mai zafi tana ƙona launin ganye ya koma kamar ƙasa. Ruwan sama ko raɓa suna sa shi baƙi. Ka riƙa juyawa kullum. In ganye ya fara karyewa a hannu, ya bushe. Ka bubbuga rassan da sanda, ganyen ya zube, a sheƙe, a fid da tsinke. Sandunan kuma ga makamashi. Lallen kirki, ko ya bushe, kore ne.

Ki ajiye shi ganye, cikin buhu, a kan dutse ko katako, nesa da laima. Kada ki dake duka gaba ɗaya. Garin lalle ya fi ganye saurin sanyi. Ki daka abin da za ki yi aiki da shi ko za ki kai kasuwa a makon, ki tankaɗe da rariya mai laushi.

Ga inda karatunku zai yi amfani. A littafinka ka rubuta ranar yanka, da tiya nawa ka samu. Ran da ka je kasuwar Maraɗi, ka tambayi kuɗin tiya ka rubuta. Ka sake tambaya in salla ta gabato, da lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Bayan shekara guda littafin zai gaya maka lokacin da ya kamata ka buɗe buhu. Lalle ba tumatir ba ne, ba ya tilasta maka sayarwa yau don tsoron ruɓa gobe.

Kada ku ga kamar ƙaramar sana'a ce. A Indiya akwai wani gari, Sojat, cikin jahar Rajastan, ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa kamar tamu. Gonaki ne na lalle zalla, ana nome shi da ruwan sama, ana niƙa shi ana kai wa ƙasashen duniya. Gona ɗaya takan yi shekara 20 ana yanka. Ana nomansa a kudancin Maroko, da Sudan, da Masar, inda tun zamanin Fir'auna ake rina gashi da shi. A watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sa al'adar lalle cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, bisa roƙon ƙasashen Larabawa 16. Mu ma nan, ai ba a kai amarya ba a sa ta a lalle ba, kuma iyayenmu mata sun san zunguru tun kafin a zo da leda.

Saura gargaɗi biyu, na lafiya, kuma ina roƙon mata su saurara da kyau.

Lallen da ya fito daga icce ja yake yi, ko ja mai duhu, kuma sai ya ɗauki awoyi kafin ya kama. Wanda ake zanawa ya yi baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci, yawanci an haɗa shi da dayis, wato maganin rina gashi. A cikinsa akwai wani sinadari da likitoci ke kira PPD. Yana sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo daidai siffar zanen. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa sau ɗaya, karo na biyu ya fi muni. In yaro ya sha shi kuwa, guba ne mai kisa. Ke mai sayar da lallen garkarki, ki sayar da shi zalla. Kada ki ƙara masa komi don ya yi baƙi.

Na biyu, jarirai. Akwai wata larurar jini ta gado da ba a gani da ido, likitoci suna ce mata G6PD, kuma ta fi kama ɗiya maza. Jaririn da ke da ita, in aka shafe masa jiki da lalle, ko da na icce ne tsantsa, jininsa yana iya lalacewa. Ba ki da hanyar sanin wane jariri ke da ita sai an auna. Saboda haka a bar jarirai da ƙananan yara ba lalle. In an riga an sa, kuma aka ga idon yaro ya yi rawaya, jikinsa ya yi laushi, fitsarinsa ya yi duhu, a wanke lallen a kai shi likita nan da nan, kada a jira gobe.

Wanda ke son farawa bana, ga abin yi tun yanzu. Ka zagaya gari ka nemo gindin lallen da aka bari ya yi ƴaƴa, ka roƙi mai shi. Ka tambayi matan gidan ko yana kamu. Ka shanya ƴaƴan, ka murje, ka ƙulle irin a takarda, ka rubuta sunan wurin da ka samo shi da ranar. Ka auna garkarka, ka yi lissafin gindi nawa kake bukata. In akwai abin da ya shige maka duhu, ka tambayi malamin gona na karkararku. In watan Maris ya kama, sai ka ɗauko ƙwarya ka jiƙa.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.